Daga Bakin Gareji: Wace bindigar kwance noti ta dace da aikin gida?

A wannan fitowar na ajiye maganar giya da kuloci da na yi alkawari, domin wasiƙu huɗu sun shigo kan abu ɗaya: bindigar kwance noti, wadda ake rubuta wa impact wrench a jikin kwali, mu kuma a gareji muke ce mata gan. Zan fara da mafi tsawo, don amsarta ta ɗauke rabin sauran.

Tambaya

Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Ina da Corolla ƙirar 2010, uwargida kuma tana hawa tsohuwar Honda Accord. Ƙananan gyare-gyare irin su juye, canza takalmin birki da juya tayoyi, ni nake yin abina a gida ranar Asabar, don tun ina yaro nake sha'awar ƙarfe. A watan jiya taya ta fashe mini a hanyar Funtuwa dab da magariba. Noti uku suka kwance, biyu suka ce ba su san zancen ba. Na hau kan wil-sifana da ƙafa biyu ina tsalle har ta lanƙwashe. Sai da wani direban Golf ya tsaya ya ɗauko bututu sannan muka shawo kansu. Tun daga ranar na ƙudurta sayen bindigar nan. To na ga akwai ta iska, akwai ta wuta, akwai ta batir. Na kuma ga wata a intanet an rubuta mata 288V da Nm 1,200, da batir biyu da soket huɗu, kuɗinta bai kai rabin na sauran ba. Aikina bai wuce sau biyu ko uku a wata ba. Wacce zan saya?

Mai karatu daga Samaru, Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Sannu da tsallen magariba, Allah ya kiyaye gaba.

Kafin mu shiga kasuwa, tunda lissafi ne sana'arka, ɗauko alli. Ƙarfin murɗa da Nm ake auna shi, wato ƙarfin da ka ɗora sau tsawon hannun sifana. In nauyinka kilo 70 ne, ka tsaya a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30, ka ba notin nan kimanin Nm 200, ban da tsallen. Toyota ta ce notin tayar Corolla a ɗaure shi a 103. Hondar uwargida 108. Golf ɗin bawan Allahn da ya taimake ka 120. Ke nan notin da ya ƙi motsi da 200, wani ne ya zuba masa ninki biyu ko uku na abin da aka ce. Ka tuna wanda ya taɓa tayar nan a ƙarshe. Ko dai mai faci ne ya sa bututu ya hau, ko kuwa wani mai gan ne ya danna ya riƙe, yana sauraren ƙarar kamar mai jin kalangu. Mai yiwuwa irin injin da kake shirin saye ne ya tsayar da kai a hanyar Funtuwa. Ba hana ka nake yi ba, ni ma uku gare ni. So nake ka san abin da za ka kawo gida: na kwancewa ne. Ɗaurewa aikin wani ne daban, za mu zo kansa.

A cikin kan bindigar akwai guduma da maƙera. Injin ciki yana juya gudumar, in noti ya yi taurin kai sai ta ja baya a kan sifirin, ta dawo ta naushi maƙerar, sau dubu biyu zuwa uku a minti ɗaya. Wannan dukan ne yake girgiza tsatsa ya karya riƙon noti, shi ya sa kuma ba ta murɗe wa mutum wuyan hannu kamar injin huji in ya cije. Sai dai guduma ba ta ƙirga. Ba ta san 103 ba, ba ta san 300 ba, muddin yatsanka na kan kunama duka take yi.

Ta iska ita ce ta masu sana'a. Tawa Ingersoll Rand ce, ta girmi biyu daga cikin yaran shagona, abincinta ɗigon mai biyu uku a bakin iska kowace safiya. Ba batir, ba waya, ba abin da zai ƙone. Amma ita kaɗai guntun ƙarfe ce. Tana son iska mai matsin PSI 90 a bakinta lokacin da take aiki, da tiyo mai faɗin milimita 10, da kwamfaresa mai tanki aƙalla lita 50. Ƙaramar mai lita 24 za ta kwance noti biyu uku, sai ka naɗe hannu kana jiran ta cika. Ita kwamfaresar kuma wuta take ci, wat 1,500 ko kusa da haka, wajen tashi ma ta fi haka, ƙaramin janareton kallon talabijin ba zai ɗaga ta ba. Ga ruwan da ke taruwa a gindin tanki, in ba a zubar ba ya cinye shi ta ciki. Kuma ba za ka sa ta a but ka tafi Funtuwa ba. In da ma kana da kwamfaresa don fenti ko wani aiki, ta iska ce mafi arha kuma mafi daɗewa. Ba ka da ita, mu wuce.

Ta wuta mai igiya ba a cika yi mata adalci ba. Zaman banza ba ya dame ta, ta shekara biyu a kabad ka jona ta tashi. Aibinta nauyi da tsawo, ba ta shiga lungun birki, sannan Asabar ɗin da ka ware ita ce za a ɗauke wuta tun asuba. Ga mai janareto mai ƙarfi wanda aikinsa bai wuce taya a tsakar gida ba, ban raina ta ba.

Kai ta batir ce taka. A nan ne kuma ake yin ɓatan kai, don haka zan ɗan daɗe.

Na farko, bakinta. Ka nemi mai baki murabba'i na rabin inci, shi ne soket ɗin taya da na ƙafar mota ke hawa. Mai 3/8 ta ƙananan bol ɗin inji ce, mai 3/4 da mai inci ɗaya ta manyan motoci. Akwai wata ƙanwarta da suka yi kama ƙwarai, ana rubuta mata impact driver, bakinta rami ne mai kusurwa shida da ake cusa wa tsinken sukurdireba. Ta kafintoci ce da masu rufin kwano. Wasu 'yan kasuwa kan haɗa ta da ɗan ƙarfen da ke mai da ita mai soket, su ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, ɗan ƙarfen nan zai karye a noti na uku.

Na biyu, lambar ƙarfi. Kamfanonin kirki lamba biyu suke bayarwa, ta ɗaurewa da ta kwancewa, kuma ta kwancewa ta fi girma kullum. Makita DTW300 alal misali, 330 wajen ɗaurewa, 580 wajen kwancewa, ba ta kai kilo 2 ba har da batir. Yayarta DTW700 tana da 700 da 1,000. DeWalt DCF899 tana da 950 da 1,625, amma ta haura kilo 3 in an sa batir, kuma doguwa ce. Mai sayarwa zai nuna maka babbar lambar ya yi shiru kan ƙaramar. In za ka gwada biyu, ka gwada ta ɗaurewa da ta ɗaurewa.

To nawa kake buƙata? Tayar da aka ɗaure bisa ƙa'ida, mai 300 ta gaskiya ta ishe ta. Amma kai ba a ƙasar ƙa'ida kake zaune ba, masu faci za su ci gaba da taɓa maka taya. Kuma duk mai canza takalmin birki da kansa, wata rana zai ce bari ya canza shaf. Notin shaf na Corolla a 216 ake ɗaure shi, da soket 30 mai kusurwa goma sha biyu, kuma bayan shekaru a wurin ba ya kwancewa a 216. Ƙara da cewa motocinmu da yawa gwanjo ne daga Amurka da Kanada, inda ake zuba wa titi gishiri lokacin ƙanƙara. Mu nan Arewa busasshiyar iska ba ta sa tsatsa kamar Legas, amma motar ta zo da guzurinta. Don haka ka nemi ta tsakiya, mai ƙarfin ɗaurewa tsakanin 400 da 700, mai matakan gudu biyu ko uku don ka iya rage mata hannu. Mai 1,000 kuɗin banza ne a wurinka, ga nauyi, ga shi tana tsinke bol mai kauri milimita 10 kafin ka ƙifta ido. Bol ɗaya ne a gidanka na san zai iya gagarar ta tsakiya, shi ne na fulin kiranshaf na Honda, wanda ake ɗaurewa a 245 amma yake kwancewa sai ya ga dama. Wannan aikin shekara goma sau ɗaya ne. Ranar ka kawo wa irinmu, kada ka sayi babbar bindiga dominsa.

Yanzu mu zo ga mai 288V. Batirin waɗannan injina ƙwayoyi ne irin na cikin tocila mai caji, kowace volt 3.6, nauyinta giram 45 ko kusa. Biyar a jere su ne volt 18. In an cika su da caji sai awo ya nuna 20, shi ya sa wasu ke rubuta 18V wasu 20V, duk abu ɗaya ne. To Malam, raba 288 da 3.6. Ƙwaya 80, sama da kilo uku da rabi na batir kaɗai. Batirin Prius, wanda yake tura mota sukutum, kusan volt 200 ne, kuma sai mutum biyu sun kama ake fito da shi. Wanda ya yi maka ƙarya a volt, me zai sa ya gaya maka gaskiya a Nm?

Bara wani abokin cinikina ma'aikacin banki ya shigo da irinta cikin akwatin roba, an manna mata sunan wani babban kamfanin Japan, harafi ɗaya a karkace. Murna yake yi, ya ce an yi masa ragi. Akwai tsohon kan shaf da muke maƙale da shi a bais don gwaji. Muka ɗaure notinsa a 100, ta kwance shi bayan ta ɗan yi haki. Muka mai da shi 216, ta yi ta karakaka har jikinta ya ɗau zafi tana warin roba, noti ko gezau. Na kwance kusoshi huɗu na bayan batirin a gabansa. Ƙwayoyi biyar ne, ba suna ba lamba, ragowar wurin an cusa soso. Ya tsaya yana kallo, can ya ce, "To Baba, ko za ta yi aikin janareto?" Na ce za ta yi. Har yau da ita yake kwance murfin janareto, kuma batir ɗaya daga cikin biyun ya daina karɓar caji tun kafin sallar layya. Araha ba ta ado.

Ga abin da ya fi duk na baya muhimmanci ga mai aikin Asabar. Mu da muke amfani da ita kullum, gudumar ce take cinyewa. Kai taka ba za ta cinye ba ko da jikokinka za su gaje ta. Abin da zai mutu batir ne, kuma zama ne zai kashe shi, da zafi. Bayan shekara uku ko huɗu za ka wayi gari da injin lafiyayye da batir matacce. Ranar, in ba a sayar da irin batirin a Zariya ko Kano ko Kaduna, ka zama mai ajiyar ƙarfe. Saboda haka batir za ka fara zaɓa, sannan bindiga. Kafin ka biya, ka ce wa mai shago ya nuna maka batirin shi kaɗai a kan kanta, da caja ita kaɗai, ya gaya maka kuɗinsu. In ya ce "za a kawo", ka gaishe shi ka fita.

Wannan ne ya sa nake ce wa masu aikin gida kada su ji kunyar Ingco ko Total. 'Yan China ne, ba su kai Makita, DeWalt, Bosch ko Milwaukee ba, ni ba zan ɗora shagona a kansu ba. Amma batirinsu na 20V yana ko'ina a kasuwanninmu, kuma batir ɗaya yana hawa injin huji, injin yankan ƙarfe da famfon taya na kamfanin. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin batirin da ake ɗauka ana huji da shi ko ana ba taya iska yana samun caji a kai a kai, ba ya zama wata shida a mance da shi. In da ma kana da injin huji mai batir na wani kamfanin kirki, magana ta ƙare, sayi bindigar kamfanin ba tare da batir ba. In aljihu ya yarda da manyan, bismillah, sai dai ka saya a shagon da yake da adireshi da rasit, don sunan da ya fi tsada shi aka fi yi wa jabu.

Batir mai Ah 4 ko 5, wato awon yawan cajin da yake ɗauka, za ka ɗauka, ba mai 2 ba. Ba don daɗewa kaɗai ba: mai 4 ƙwaya goma ne, layi biyu, yana iya ba da wuta mai yawa lokacin da gudumar ta matsu, sai ka ji dukan ya fi nauyi a injin guda. In akwai zaɓi, ɗauki injin da ba shi da buroshin gawayi, ya fi sanyi, ya fi gajarta. Batir kuma a ɗaki yake kwana, a inuwa, cire daga injin, da caji rabi ko sama kaɗan, kana duba shi duk wata biyu. Kada ka bar shi a but. A watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta take kai digiri 40, but ɗin motar da ke rana tanda ne. Ranar tafiya ka ɗauka, ka dawo ka shigar da shi.

Zuwa da kai ya fi aike. Ko Sabon Gari ne ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ka tafi da motarka ka ajiye kusa, ka roƙi mai shago a gwada a tayarka, musamman wadda mai faci ya taɓa kwanan nan. Noti ya fita cikin daƙiƙa biyu uku. In ta wuce biyar tana duka, ba ta isa ba. Mai kaya na gari ba ya jin tsoron gwaji.

Soket ma nata daban ne. Masu ƙyalli na cikin akwatinka ƙarfensu mai tauri ne, don aikin hannu aka yi su, duka yana tsaga su, ɓallin ya tashi ya nemi ido. Nata baƙaƙe ne masu kauri, an rubuta Cr-Mo a jiki. Ba sai ka sayi saiti ba: 21 na Corolla, 19 na Honda, 17 don maƙwabci mai Golf ko Marsandi, dogaye. In rim ɗinka aloyi ne, akwai masu siririn jiki da rigar roba don kada su kankare fenti. Tabarau na kariya kuma ba ado ba ne.

Sai ɗaurewa. Lokacin da na fara samun gan, ina saurayi, ji nake duniya ta zo hannuna. Wani Alhaji ya kawo 504 zai tafi Maiduguri, na canza masa birkin baya, na mai da tayoyi na danna musu har sai da soket ya daina motsi, na ƙara kaɗan don tsaro. Bayan kwana huɗu ya dawo, bai ce mini uffan ba, ya buɗe tafin hannu ya nuna wa maigidana guntayen bol biyu da notinsu a maƙale. Kusa da Potiskum ya ji motar na rawa, ya tsaya ya tarar da taya a kan bol biyu. Maigidana ya ɗauki ɗaya ya kai mini kusa da ido: wajen karayar ya sirance kamar alewar da aka ja. Ya ce bol sifirin ne, in ka ja shi daidai yana riƙe taya, in ka wuce iyakarsa ya miƙe ba ya komawa, sai ya jira rami a hanya. Wata uku ya hana ni taɓa gan.

Don haka kuɗin da ka ware, ka cire na sifanar awo a ciki, wadda a kasuwa ake ce wa tok renci, mai rabin inci, irin mai ƙara "ƙas" in ta kai lambar da ka saita, mai awo daga 40 zuwa 200 ko kusa da haka. Kowane noti ka fara shi da yatsu, zagaye uku ko huɗu, don in zare ya hau a karkace yatsa zai ji, bindiga kuwa yanka sabon zare za ta yi ta wuce. Sannan ka matso da su da bindiga a mataki mafi rauni, da zarar ta fara duka ka saki. Ka sauke mota, ka ƙarasa da sifanar awo a 103, kana tsallake ɗaya kamar mai zana tauraro. Kada ka shafa wa zare giris ko baƙin mai, lambar ta busasshen zare ce. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bi. In ka gama ka mai da sifanar ƙaramar lambarta kafin ka ajiye. Fulogi, notin juye, da duk bol ɗin da ke shiga cikin alminiyon, bindiga ba ta zuwa kusa da su. Kuma tunda kana shiga ƙarƙashin mota, ina fata kana da ƙafafun ƙarfe na tallafe ta, ba jak kaɗai ba.

In kuɗin bai isa duka ba a wata ɗaya, fara da dogon hannun soket mai santimita 60, wanda muke ce wa fawa handul, da soket 21 da 19, da sifanar awo. Waɗannan ba sa cin caji, kuma da suna but ɗinka a hanyar Funtuwa da ka yi sallar magariba a gida. Bindiga ta biyo baya in albashi ya sake shigowa.

Tambaya

Baba, ina gaisuwa. Ni ce ke kai yara makaranta Zariya daga Kaduna da Sienna, sau da yawa ba namiji babba a motar. Na ga wata ƙaramar bindiga da ake jonawa a ramin kunna sigari na mota. Tana aiki kuwa?

Wata uwa daga Unguwar Rimi, Kaduna

Amsa

Hajiya, tana aiki, kuma irin buƙatarki aka yi ta dominta. Dukanta daban ne: za ki ji ta ɗau gudu tana kuka, sai ta buga sau ɗaya, ta sake ɗaukar gudu. Kada ki ɗauka ta lalace, haka take. Ba ta da batirin da zafin but zai kashe. Ki bar inji a kunne lokacin aiki, in kuma ta zo da 'yan maƙalai na jonawa kai tsaye a batirin mota, su suka fi, don tana iya ƙona fis ɗin ramin sigari. Sharaɗinta ɗaya, a ce an ɗaure tayoyin bisa ƙa'ida. Ki kai motar gareji a kwance duka a sake ɗaurewa a 103 da sifanar awo a gabanki, sannan ki gwada ta a gida da rana, ba ranar da taya ta fashe ba. Ki ƙara da fawa handul mai santimita 60 da soket 21. Da wannan tsawon, notin da aka ɗaure daidai nauyin kilo 18 kawai yake so, bai kai jarkar ruwa mai lita 20 ba. In da hannu za ki kwance, ki sassauta noti tun taya na ƙasa kafin ki ɗaga jak. In akwai notin ɓarayi mai mukulli, shi da hannu kaɗai ake taɓa shi, duka yana farfasa haƙoran mukullin.

Tambaya

Barka da aiki Baba. Wana da ke Amurka ya ce zai aiko mini da DeWalt da batir biyu da caja. Akwai abin da zan gaya masa kafin ya saya?

Mai karatu daga Maraɗi

Amsa

Allah ya bar zumunci. Akwai abu uku, ka karanta masa a waya. Cajar da ake sayarwa a Amurka ta wutar volt 120 ce, tamu a Nijar da Najeriya 220 zuwa 230. Ka jona ta a bango za ka ji "fat" da ɗan hayaƙi, shi ke nan. Na ga caja irin wannan sun fi goma a shagon mai gyaran rediyo da ke maƙwabtaka da ni. Ko dai ka tanadi taransfoma mai rage wuta tun kafin kaya su iso, ko ka sayi cajar DeWalt ta 230 a nan, domin batirinsu da ake rubuta wa 20V Max a can shi ne 18V XR na Turai. Sannan in a jirgi za a kawo, batir a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba. Mai Ah 5 bai wuce iyakar Wh 100 da aka yarda a shiga jirgi da ita ba. Ka kuma ce masa soket na milimita, kada ya aiko da na inci. Lambar ƙarfi da zai gani a kwali ft-lb ce, ka ninka ta da 1.36 ka sami Nm.

Tambaya

Baba ina da Kanta ina jigilar hatsi daga Dawanau. Na ari bindigar ƙanina mai rabin inci, ɓangaren dama ta kwance noti da ƙyar, na hagu kuwa na fi minti goma ina duka ko motsi. Injin ne ba shi da ƙarfi?

Direba daga Kano

Amsa

Ɗan'uwa, ɗaurewa kake yi. Manyan motocin Japan da yawa irin Kanta da Isuzu, notin tayoyin hagu zarensu na baibai ne, ta hannun dama ake kwance su. Goge kan bol ɗin da tsumma ka duba, za ka ga an buga harafin L, na ɗaya ɓangaren kuma R. Ban da haka, bindigar ƙaninka ba tsararta ba ce. Notin Kanta galibi ya haura Nm 400, mai baki 3/4 ko inci ɗaya yake so, ka mai da masa abarsa kafin ka ƙona ta ku ɓata. Waɗanda ka kwashe minti goma kana duka kuwa, in sun fita ka canza bol ɗinsu da notinsu kafin ka yi lodin masara.